Sa'ar da Na Rubuta da Alli

Ina cikin soka buhu na huɗu na lura mahazan ɗin, wato ɗakin ajiyar riɗi, ya yi shiru. A waje ana jin direbobin manyan motoci suna gardama wurin mai shayi, amma can sama, tsakanin ƙarafan rufi, inda kullum tattabaru da ƙananan tsuntsaye suke cika mana kunne har sai mutum ya ɗaga murya kafin a ji shi, babu ko motsi. Na ɗaga kai ban ga ko ɗaya ba. Da na sauke ido sai na gan su a gindin bango, daidai ƙarƙashin tagar iska, tattabaru uku da wasu ƙanana da ban tsaya ƙirgawa ba, ƙafafu a sama. Ɗaya tana buɗe baki tana rufewa.

Sai a lokacin na yarda da abin da hancina yake gaya mini tun daga bakin ƙofa, warin tafarnuwa haɗe da na ruɓaɓɓen kifi. Duk mahazan ɗin riɗin da aka sa wa ƙwayar kashe ƙwari yakan riƙe ɗan wannan warin kwana da kwanaki, shi ya sa na yi ta ce wa kaina saura ne. Amma saura ba ya ɗaure wa mutum ƙirji kamar an ja masa igiya.

"Goggo!"

Ba ta amsa ba. Goggo yayar babana ce. A hannunta nake zaune tun da na baro gidanmu a Showak na zo Gadarif karatun sanawi, wato sakandare, kuma ta fi shekara ashirin tana shara da tankaɗe riɗi a wannan kamfanin. Da safen nan ta wuce ni ta shige can ƙurya da tsintsiya, inda aka jera faranten ƙwayar, don ta share tokar da take bari. Na saki ƙarfen da nake soka buhu da shi don ɗibar samfuri, riɗi ya ci gaba da tsiyaya ta hudar, na bi lungun da ke tsakanin buhuna da gudu. Na same ta a durƙushe, hannu ɗaya a kan tsintsiya, tana kallon siminti kamar wadda ta yar da allura.

"Jiri ne," ta ce. "Bari ya wuce."

Har yau ban san inda na samo ƙarfin ba. Goggo ta ninka ni jiki, amma na kama ta ta ƙarƙashin hammata na yi ta ja, mayafinta yana kwancewa yana harɗe mini ƙafa. Hasken ƙofa yana can gaba, ni kuwa gani nake ana janye shi. Muna fita ta fara amai, ni ma na bi ta. Mai gadi ya yi ihu ya tare 'yan dako, waɗanda suka riga suka ɗaure kawunansu da tsumma suna jiran in gama ɗibar samfuri su shiga lodi. Da na ƙara minti goma da duk suna ciki.

Ina durƙushe a ƙasa idona ya sauka kan ƙofar ƙarfen. Rubutun alli yana nan ɓaro-ɓaro: Laraba, ƙarfe takwas na safe. Hannuna ne.

Bari in koma baya kaɗan, don a gane yadda hannuna ya kai ƙofar.

Da na gama sanawi ban samu makin shiga jami'a ba. Na yi wata uku ina koyon kwamfuta a wani ɗaki bayan kasuwa, sai Goggo ta yi ta bin injiniyan kamfaninsu, wanda kowa ke kira bashmuhandis, da magiya har ya ɗauke ni. Akwai wani mai takardar diploma da ke neman wurin, kowa ya san haka, ni ma na sani. Aikina shi ne zama gaban jadawali, wannan shafin kwamfuta mai akwatuna layi-layi, ina cika nauyin riɗi da ɗanshinsa da yawan ƙwarin da aka samu a samfuri.

Shafi ɗaya ne a ciki ya bambanta. Idan riɗi ya taru bayan girbi, ana lulluɓe buhuna da tamfol, a sa ƙwayar, a rufe mahazan kwana bakwai. Ƙwayar tana narkewa ta zama iska mai guba ta kashe duk wani ƙwaro. Ranar buɗewa bashmuhandis yakan sa abin rufe fuska, ya yaye tamfol, ya buɗe tagogi, ya auna ƙarfin gubar da wani siririn bututun gilashi mai canza launi. Sai ya kawo mini lambar. Ni kuma in rubuta ta a sabon layi, in kama kusurwar akwatin da ke sama in jawo shi ƙasa, nan take adadin sa'o'in da za a jira ya fito. In ƙirga daga lokacin awo, in je in rubuta rana da sa'a a ƙofa da alli. Sau ɗaya ya taɓa yi mini bayani, a tsaye, yana shan shayi. Ya ce gubar ba ta fita da awo ɗaya kamar ana kwasar hatsi da kwano, kowace sa'a wani kaso take ɗauka daga abin da ya rage, don haka da farko tana gudu, daga baya ta koma rarrafe. Ya ce a raba lambar da aka auna da lambar da ba ta cutarwa, a ɗauki lugaritman abin da ya fito, a raba shi da lambar da ke can saman shafin. Na gyaɗa kai da sauri. Lugaritma kam na san shi. A aji biyu ni ce mai riga kowa nemo amsa a ɗan littafin nan mai cike da lambobi, har malaminmu yakan sa ni in fito allo.

Shekara guda ina jan kusurwar akwatin nan ban taɓa leƙa abin da ke cikinsa ba.

Mako guda kafin ranar, na ce bari in share shafin don sabuwar kaka. Na zaɓi tsofaffin lambobi na goge, na adana, na tafi gida ina jin na yi abin kirki. Ranar Talata da tsakar rana bashmuhandis ya leƙo ofis da alamar abin rufe fuska har yanzu a kumatunsa, ya ajiye mini guntuwar takarda mai lamba, ya ce zai wuce Ƙala'at an-Nahal, injin sussuka ya lalace a gona, sai jibi. Ya ce bututun awo saura ɗaya, kuma na mahazan ɗin dawa ne, don haka ba zai sake aunawa kafin a shiga ba kamar yadda ya saba, a bi lissafi kawai. Motoci suna jira su kai kaya tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan.

Yana fita na buɗe shafin, na ga babu akwatin da zan jawo. Na goge shi tare da sauran.

Ina da lambar wayarsa. Motarsa ma ba ta kai bakin titi ba. Na ɗauki wayar na ajiye, na sake ɗauka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne fuskar mai diploma, wanda ban ma taɓa yi wa magana ba, da kuma Goggo tana tsaye a ƙofar ofis da tsintsiya a hannu tana roƙo. Sai na ce ai na tuna bayanin. Na rubuta alamar daidai, na rubuta LOG, na buɗe baka. Kuma don kada a ce na yi ganganci, na gwada shi tukuna. Na ba shi ɗari, ya ba ni biyu. Na ba shi dubu, ya ba ni uku. Daidai da na makaranta, ba kuskure. Wallahi har murmushi na yi. Na sa lambar bashmuhandis, sa'a ashirin ta fito. Na san ya saba fitowa kusan kwana biyu, amma a makon ana iska sosai, na ce ƙila shi ya sa, ban tsaya na tuna cewa jadawali bai san ana iska ba.

Da safen Laraba Goggo ta tsaya a gaban ƙofar ta ɗaga kai tana kallon tagar iska. Tsofaffin ma'aikata suna da nasu awon tun kafin a kawo kwamfuta: ba a shiga sai an ga tsuntsu ya shiga ya kuma fito.

"Ban ga mai fitowa ba, 'yar nan."

"Motoci ne suka kore su, Goggo. Na'ura ta ce takwas."

"Na'urar tana da hanci?"

Direbobi suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Hajiya, ki bar mu mu yi lodi, kwana uku muna cin wake a bakin titi." Na ji kunya ta kama ni, kamar ni ake yi wa dariyar. Na ce, da muryar da ban taɓa yi mata magana da ita ba, "Lissafi ne, Goggo, ba camfi ba."

Ta dube ni, ta gyara mayafinta. "To, ustaza. Mu da ba mu je madarasa ba, ai sai mu bi bayanki." Amma ba ta bi bayana ba, gabana ta shiga.

A raksha, keke mai ƙafa uku, aka kai mu asibiti, mai gadi yana riƙe da kan Goggo. Likitar mace ce, ba ta girme ni sosai ba, da tabarau mai kauri. Ta sa wa Goggo abin shaƙar iska a fuska, ni kuma ta saurari bayana ta daɗe. Na ce mata na ji sauƙi, amai ya tsaya, zan iya zama in yi jinyar Goggo. Ta girgiza kai ta nuna mini gadon da ke kusa.

"Wannan gubar ba ta da makari," ta ce. "Kuma takan yi lamo. Mutum ya warware har ya nemi abinci, sai can huhunsa ya fara tara ruwa, ko zuciya ta rikice. Kwana uku zan tsare ku. Idan Asabar ta yi ƙirjinki yana yadda yake, kin fita. Kafin nan kada ki tambaye ni, don ban sani ba."

Ban taɓa sanin mutum yana iya sauraron numfashinsa har ya manta yadda ake yi ba. Kowace shaƙa sai in bi ta har ƙasa ina neman ƙarar ruwa. In na yi tari sai in duba tafin hannuna. Babana ya zo daga Showak da la'asar, ya zauna a bakin gado yana jan carbi, yana cewa ƙaddara ce, kamfanoni ba sa tsoron Allah. Na juya fuskata bango. A lokacin ban san takamaimai abin da na yi ba, amma na san ni ce.

Ranar Alhamis da hantsi bashmuhandis ya iso, ƙurar gona a gashin girarsa, kwamfutar ofis a hammata. Ya gaida Goggo, wadda numfashinta ya fara yin ƙara tun asuba, kamar ana hura wuta da tsohon mafici. Sannan ya jawo kujera kusa da ni ya buɗe shafin a kan gwiwarsa. Ya danna akwatin. Ya daɗe yana kallo. Na so ya yi mini tsawa, da ya fi mini sauƙi.

"Ke kika rubuta wannan?"

"Na goge na da. Ban sani ba. Na ji kunyar kiranka."

"A sanawi wane ɓangare kika yi?"

"Adabi. Ban yi kimiyya ba."

Ya rufe ido ya shafa goshinsa. Sai ya goge haruffa ukun da na rubuta, ya sa biyu, LN, ya danna. Ashirin ta ɓace, arba'in da shida ta fito.

Ya yi mini bayani a hankali, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada Goggo ta ji. Lugaritma iri biyu ne. Wanda na sani yana tambaya ne sau nawa za a ninka goma a kai ga lamba, shi ya sa ɗari ta ba ni biyu. Ɗayan, wanda 'yan ɓangaren kimiyya suke haɗuwa da shi a aji uku, an gina shi ne a kan wata lamba, biyu da ɗigo bakwai da ɗoriyar da ba ta ƙarewa, kuma shi ne na abubuwan da suke raguwa da kansu, kaso bayan kaso, kamar guba a ɗaki ko zafi a kofin shayi. Amsarsa kullum ta ninka ta wancan sau biyu da ɗan ƙari. Lambar da ke saman shafin da shi aka fitar da ita, don haka dole da shi za a yi sauran. Gwajin da na yi daidai ne, in ji shi, sai dai abin da na gwada ba shi ake nema ba.

"Laifina ne," ya ce. "Ban tambaye ki ba tun farko. Kuma da na sani da na sake aunawa da bututun nan na ƙarshe."

Ban ji wannan ba sosai. Ƙirga nake yi. Sa'a arba'in da shida daga tsakar ranar Talata. Na ɗaga kai na dubi agogon bangon ɗakin, goma saura kwata. Alhamis, ƙarfe goma na safe, shi ya kamata in rubuta. Na zauna ina kallon dogon hannun agogon yana tafiya, bashmuhandis yana magana a kan tuntuɓar babban likita, har ya hau kan sha biyu. A wannan mintin ne ya kamata a ce ni da Goggo muna tsaye a ƙofar mahazan, tana tsokanata a kan takalmina mai tsini, muna shirin shiga lafiya lau. Na ga mu biyun sarai, kamar wasu mata ne daban da na sani. Har yanzu nakan gan su. Ba su san komai ba, suna ta dariya.

In faɗa tun yanzu don kada in riƙe ran kowa: Goggo tana raye. Ba ta koma aiki ba. Daga ɗakinta zuwa wurin randa sai ta tsaya sau ɗaya ta dafa bango, kuma ko a ina take a gidan ina jin numfashinta, wani siririn fito da ba ya tsayawa. Wata huɗu ke nan. Ni na koma ofis, don bashmuhandis bai gaya wa masu kamfani komai ba sai zancen bututu. Yanzu ya kulle akwatin yadda ba ya goguwa, kuma ba a buɗe ƙofa sai an auna sau biyu. Amma duk lokacin da na rubuta alamar daidai a kowane akwati, ko na nauyin buhu ne, sai in danna in duba abin da ke ciki, in fita, in sake dannawa. Akwai ranar da na yi haka har aka kira azahar ban cika layi uku ba. Alli kuwa mai gadi ne yake rubutawa, ni nake karanta masa daga nesa.

Da yammacin wannan Alhamis ɗin, bayan babana ya fita salla, na sauko daga gadona na durƙusa a gefen nata. Na gaya mata duka, gogewar da wayar da na ajiye da ɗari da ta ba ni biyu. Ban san ko ta gane rabinsa ba. Ta janye abin shaƙar daga bakinta, ta yi numfashi sau uku kafin magana ta fito.

"Wato iri biyu ne."

"Iri biyu ne, Goggo."

"Ke kuma ɗaya aka koya miki."

"Ɗaya."

"Kuɗin makarantar... duka muka biya fa." Dariya ta so yi, sai tari ya sarƙe ta, har ma'aikaciyar jinya ta zo ta kore ni zuwa gadona. Da tarin ya lafa ta miƙo hannu ta tsakanin gadajen biyu, ta kama mini yatsa ɗaya ta murɗa da ƙarfi, irin murɗar da take yi mini ina ƙarama in na taɓa mata garwashin jabana, tukunyar gahawarta. "Ubanki kada ya ji," ta ce. "Ni na shiga da ƙafata. Na ga babu mai fitowa, na shiga."

Wannan ya fi komai yi mini nauyi, kuma shi ne abin da ban iya ajiyewa ba. Ta san abin da ta gani da idonta. Ta shiga ne don kada direbobi su ga an ƙaryata ni.

Juma'a ta zo da zazzaɓi kaɗan, na tabbata shi ke nan, ruwan ya fara. Na yi ta karanta duk abin da na haddace. Aka ɗauke ni hoton ƙirji, aka manna mini wayoyi a kan zuciya, ba wanda ya ce mini komai. Matan unguwa suka zo bayan masallaci da kwanukan kisra, gurasar dawa, suka zauna a ƙasa suna ba da labarin wani da ya sa irin ƙwayar a rumbun ɗakin kwanansa a Basunda, ɗaya tana taɓa mai labarin da gwiwa don ta yi shiru, ita kuma tana ci gaba. Na ja mayafi na rufe kaina ina ƙirga numfashi.

Ranar Asabar likitar ta shigo wajen ƙarfe tara, da hoton a hannu. Ta ɗaga shi ta taga ta duba, ta ce in zauna in juya mata baya. Ƙarfen abin sauraronta yana da sanyi. Shaƙa. Saki. Shaƙa. Ta sauko da shi ƙasa, ta koma ɗaya gefen, ta sake hawa. Na riƙe bakin katifa da hannu biyu.

"Halas, shi ke nan," ta ce, ta cire shi daga kunnenta. "Fes yake. Kin fita, ki gode wa Allah."

"Ba zai dawo ba?"

"Lokacinsa ya wuce. Zazzaɓin jiya na tsoro ne da rashin ci."

"Goggo fa?"

"Ruwan ya fara ja baya. Za ta tashi, amma ba yau ba, ba kuma wannan makon ba." Ta wuce gado na gaba.

Na zauna a bakin gadon ƙafafuna suna lilo. Na ɗauka zan yi kuka ko in yi sujada, amma babu abin da ya zo. Goggo tana kallona ta saman abin shaƙarta. Ta ɗaga shi kaɗan.

"An sallami ustaza?"

Na gyaɗa kai.

"To me kike jira? Je ki gida ki damo mini kunu. Na nan kamar ruwan wanki." Ta ja numfashi. "Kada ki auna komai. Ki kira maƙwabciya ta zuba miki tsamiyar."